Kifin da Na Roƙa a Montana

Ni ɗan masunta ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa, kuma tun kafin a sa ni makarantar boko na iya kwanciya a kan gora in bi Baba cikin ruwa. Yau shekarata biyu a yammacin Jihar Montana ta Amurka, inda karatun digiri na biyu ya kawo ni. Daga watan Yuni zuwa Oktoba aikina shi ne bin diddigin wani kifi da mutanen nan ke kira bul-tirawut, domin a san inda yake zuwa da kuma nawa ne ke tsira daga shekara zuwa shekara. Akwai wata safiya ta watan Satumba a shekarata ta farko da har yanzu idan na tuna ta sai in ji fuskata ta ɗauki zafi, kuma ban taɓa ba kowa labarinta a gida ba.

Kifin yana da launin ganye-ganye da ɗigo-ɗigo masu haske a jikinsa, kuma ba ya jure ruwa mai ɗumi ko kaɗan. Da wuya a same shi inda zafin ruwa ya haura maki 15 a ma'aunin Salshiyas, kuma macen ba ta zuba ƙwai sai ruwa ya sauko ƙasa da maki 9, wato sanyin da hannu ke ƙagewa a cikinsa kafin a ƙirga ɗari. Da jelarta take haƙa rami a cikin tsakuwa ta zuba ƙwan ta rufe, sannan ƙwan da 'ya'yan su kwashe abin da kan haura kwana 200 a ƙarƙashin tsakuwar, ta yadda idan laka ta gangaro daga hanyar mota ko wurin sare itace ta toshe tsakanin duwatsun, sai su mutu saboda rashin iska. Manyan da ke zaune a Tafkin Flathead suna yin tafiyar da ta haura kilomita 200 domin su koma rafin da aka ƙyanƙyashe su. Madatsun ruwa da kwalbatoci sun datse musu hanya, an kuma shigo da wasu kifaye baƙi da ke cinye ƙananansu ko su gauraya iri da su. A 1998 gwamnatin Amurka ta sanya bul-tirawut na wannan yanki cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ƙarƙashin wata doka ta 1973.

A rafin da muke aiki mun kafa shingen ƙarfe daga gaɓa zuwa gaɓa, da akwati a tsakiya, kuma ranar da na fara ganinsa na ce a zuciyata ai wannan dumba ce, irin shingen da muke tare kifi da shi a gida. Bambancin kawai shi ne mu sakin kifin muke yi. Idan ya shiga akwatin sai mu ɗauko shi mu sa a ruwan da aka ɗiga maganin sa barci wanda asalinsa daga man kanumfari ne, kuma ƙamshin nan kan tuna mini kunun Inna duk lokacin da aka buɗe kwalbar. Da zarar ya kwanta a gefe sai a auna tsawonsa da nauyinsa, a yanki ɗan ƙyallen fiffikensa domin gwajin iri, sannan a tura masa da allura wata 'yar na'ura ta gilashi mai tsawon milimita 12, kamar ƙwayar shinkafa. Ba ta da batir, lamba ce kawai a cikinta wadda ba wani kifi da ke da irinta. A wurare daban-daban an shimfiɗa eriya a ƙasan rafin, ana ba ta wuta da farantin sola, kuma duk kifin da ya wuce ta kanta sai ta rubuta lambarsa da ranar da sa'ar. Daga waɗanda suka sake bayyana da waɗanda aka daina jin ɗuriyarsu ake lissafa yawan masu tsira.

A safiyar da nake magana a kai ni na riga kowa isa shingen. An kwana ana ruwan sama, rafin ya ƙaru, ganye da itace sun taru, sai na tarar da wata babbar mace ruwa ya manne ta da ƙarafan ta mutu. Tsawonta ya kai daga yatsuna zuwa sama da gwiwar hannuna, jikinta a sandare da sanyi, idonta garau, ba alamar ruɓa ko ɗaya. Da shugabar tawagarmu da sauran mutum biyu suka iso muka auna ta muka karanta lambarta, sai na ce, da zuciya ɗaya, tunda ta riga ta mutu ko za a bar mini in tafi da ita in dafa.

Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya yi mini faɗa, kuma wannan shirun shi ne ya fi yi mini ciwo. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalminsa wadda ba ta kwance ba. Shugabar ta yi mini bayani a hankali, da irin muryar da ake yi wa yaro magana, cewa lasisin aikinmu ya wajabta mana kai rahoton duk kifin da ya mutu a hannunmu, cewa gawar za ta tafi firiza a ciro 'yan ƙasusuwan kunnenta domin sanin shekarunta, kuma mallakar wannan kifi ba da izini ba laifi ne a doka. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma na karanta shi a takardun da aka ba ni. Sai dai a wannan lokacin bakina ya riga karatuna, domin a gidan da na tashi mushen kifi halal ne, barin abinci ya lalace kuwa almubazzaranci ne da ake yi wa yaro bulala a kansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da na gani a idanunsu, wato kamar sun tabbatar da wani zato da suka daɗe da shi game da mutumin da ya fito daga Afirka. Har ƙarshen wannan kaka ba a sake tura ni duba shingen ni kaɗai ba, kuma ba wanda ya gaya mini dalili.

Ba su san cewa babu wanda ya kai ni jin zafin mutuwar kifin nan a cikinsu ba. Cikinta cike yake da ƙwai, ta tsallake duk abin da ke kan hanya, shingenmu ne ya kashe ta saura kaɗan ta isa. Ɗan masunci ya san darajar kifi mai ƙwai tun kafin ya san sunan wata doka. Kuma ba yabon kai ba ne idan na ce a tawagar nan ba mai hannuna. Na san yadda ake tallafo kifi da jiƙaƙƙen hannu ba tare da an matse masa ciki ba, ina duban fuskar ruwa in faɗi inda yake kwance, kuma a shekara ta biyu ni na nuna musu yadda za a karkata shingen kaɗan domin shara ta riƙa zamewa gefe, dabarar da na gani a wurin masu kafa dumba tun ina yaro. An karɓi shawarar, an rubuta ta a rahoto, amma da yamma idan suka tafi wurin shaye-shayensu ni kaɗai nake komawa ɗaki in yi Magariba da ƙarfe tara da rabi na dare, domin haka rana ke jinkirin faɗuwa a nan a tsakiyar bazararsu.

Ranar Juma'a nake kiran gida. Da na fara yi wa Baba bayanin aikina ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato ka kama, ka sake shi, kuma a biya ka?" Na ce, "Haka ne, Baba, Allah ya ƙara muku lafiya." Ya ce to Allah ya yi albarka, amma na ji a muryarsa cewa bai gamsu ba. Wannan mutum ya ga ruwanmu kafin a gama madatsar Tiga a 1974, ya kuma gan shi bayan ta Challawa a 1992. Ya ga yadda ambaliyar da ke cika fadama ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin da kwalekwale ke bi, giwan ruwa ya zama abin da ake ba yara labari, aka koma tarwaɗa da karfasa 'yan ƙanana da ake kwasowa da raga mai ƙananan ido. Zai iya lissafa maka kifayen da suka ɓace ɗaya bayan ɗaya da shekarar da ya daina ganinsu, amma ba wanda ya taɓa zuwa da takarda ya tambaye shi. Idan na zauna gaban kwamfuta ina duba sa'ar da kifi guda ya wuce wata eriya da tsakar dare, wannan ne ke cin raina.

Ƙanena ya bar masunci, yana tuƙa A Daidaita Sahu a Kano, damina kawai yake dawowa. Gwiwoyin Baba sun fara ƙin sanyin ruwa, amma duk sanda aka kira gayyar sare kachala shi ne a gaba da lauje. Inna, wadda ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, takan karɓi wayar ta tambaya ko "mutumin" yana samun kifi ya ci a can, tunda kullum yana cikin ruwa. Nakan ce mata ina samu, ba na gaya mata cewa na kanti ne da ke zuwa a daskare cikin leda, ba kai ba ƙaya. A makon jiya na aika kuɗin gyaran kwalekwalen Baba, kuma da muka yi waya, bayan ya gama sa albarka, sai ya tambaye ni ko allurar nan da muke yi wa kifi za ta zauna a jikin tarwaɗa. Na ce za ta zauna. Ya ce nawa ne kuɗin guda ɗaya, na ce zan tambayo masa kafin Juma'a.