Ranar da na haɗa regileta ni kaɗai

Ranar da maigidana ya fara barina in haɗa regileta, wato na'urar da ke rage matsin iska, da tukunyar iskar CO2 da ake ba tsirran da ke cikin tankin kifi, hankalina duk yana kan yoyo. Na sa washa a bakin tukunyar, na ɗaure da sifana, na bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu ina duba ko kumfa za ta taso. Ba ta taso ba. Regiletar tana da agogo biyu masu auna matsin iska da ma'aunin bar: agogon farko, na matsin cikin tukunya, ya nuna kusan bar 60, na saita na biyu, na iskar da ke fita, a bar 2. Har nan lafiya lau.

A wajen ƙaramin bawul mai daidaita yawan kumfar CO2 da ke shiga ruwan tankin na yi kuskure. Akwai 'yar kwalbar gwaji da ake mannawa a jikin gilashin tankin ta ciki. Ruwanta shuɗi ne idan iskar ta yi kaɗan, kore idan ta kai kusan miligiram 30 a kowace lita, rawaya idan ta wuce kima. Na ga shuɗi, na ƙara. Bayan minti 20 shuɗin yana nan, na sake ƙarawa. Ashe kwalbar takan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu kafin ta sauya launi, wato tsohon labari take ba ni. Kafin ta yi kore, kifayen sun taru a saman ruwa, baki buɗe, suna haki. Na rufe iskar CO2 ɗin, na kunna famfon da ke hura iskar shaƙa cikin ruwan, na sauya rabin ruwan. Sun farfaɗo, ban da guda ɗaya, kuma har yau abin yana damuna.

Yanzu ɗan kaɗan nake murɗa bawul ɗin, sannan in bar shi sai gobe. Kuma kifi nake fara dubawa kafin kwalba.

Da dare tsirrai ba sa amfani da CO2, iskar oksijin ma suke sha kamar kifin, shi ya sa nake sa bawul na lantarki ya buɗe awa ɗaya ko biyu kafin fitila ta kama, ya rufe kafin ta mutu.

Agogon farko kuwa na daina dogara da shi. Iskar a ruwa-ruwa take cikin tukunya, don haka allurar ba ta sauka sai ruwan ya ƙare, kuma a lokacin ne wasu regiletoci kan saki ragowar iskar gaba ɗaya zuwa cikin tankin kifi. A kan sikeli nake ɗora tukunyar duk mako, in rubuta nauyinta a jikinta, don in san yawan iskar da ta rage.