Ƙwan zabi na farkon damina iri ne

Zabuwa ba kamar kaza take ba, domin kaza tana iya yin ƙwai a kowane lokaci, amma zabuwar da ake kiwo a sake tana jiran damina. A ƙasar Hausa takan fara ne daga wajen watan Mayu, idan ciyawa ta tsiro ƙwari suka yawaita, ta ci gaba har wajen Satumba ko Oktoba, sannan ta tsaya. Saboda haka ribar shekara guda tana rataye ne a kan waɗannan 'yan watanni.

Babbar wahalar ita ce gurbi. Zabuwa tana son ɓoye ƙwanta a cikin ciyawa, ko gindin shinge, ko tsakiyar gonar gero, kuma sau da yawa zabi uku ko huɗu kan haɗu su zuba a gurbi ɗaya, wanda idan maciji ko guza ko wani mai wucewa ya riga ka ganinsa, asarar ta zama ta garke duka. Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce a riƙe su a akurki har zuwa azahar, tunda galibi da hantsi suke yin ƙwai, a kuma shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa a lungu mai duhu. Idan kuwa a waje aka gano gurbin, kada a kwashe duka. A bar biyu ko uku da aka yi wa alama da gawayi, in ba haka ba za ta ƙaura inda ba a sani ba. Dattawa ma da ludayi suke ɗiba, suna cewa tana jin ƙanshin hannun mutum.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake dafa ƙwan farko a kai tasha a sayar, sai damina ta yi nisa a tuna da ƙyanƙyasa. A ganina wannan ƙwan shi ya kamata a ware, muddin akwai isassun maza a garken, a ajiye shi a inuwa kada ya wuce mako guda, sannan a sa wa kaza mai kwanci kamar guda 12 zuwa 15. Ƙwan zabo yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, na kaza kuwa 21, don haka haɗa su rana ɗaya kuskure ne: kazar za ta tashi da nata tsakin ta bar sauran su zama baragurbi.

Kazar kuma ta fi zabuwa riƙon 'ya'ya, domin zabuwa takan ja su cikin raɓa da sassafe, sanyi ya kashe su. A tsare su a busasshen wuri makonnin farko, ana ba su gara da tsakin gero da ruwa a ƙaramin kasko marar zurfi. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a Yuni sukan yi ƙwari kafin hunturu ya shigo, kuma su ne za su fara yin ƙwai a damina mai zuwa.