Inda na kai a koyon burodin da babu alkama

'Yan'uwa masu koyo, burodina ya kai matakin da ake yanka shi siriri ba tare da ya marmashe a hannu ba, kuma washegari ana iya cinsa ba sai an sake gasawa ba. Wanda ke cin alkama lafiya ba zai ga abin murna a nan ba, amma ku da likita ya raba ku da ita kun san nisan tafiyar. Abin da ya canza min aiki shi ne na daina neman kwaɓin ya yi halin kwaɓin fulawa. Sana'a ce daban, da nata ƙa'idojin, kuma kusan duka ƙa'idojin a kan ruwa suke.

A garin alkama akwai sinadaran furotin biyu, gilayadin da gulutenin. Idan suka sha ruwa aka murza su, sai su sarƙe su zama gulutin, wato wannan danƙo mai talewa da ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya tashi. Garin shinkafa da na dawa da na gero ba su da shi, don haka ko ka kwana kana murza su babu danƙon da zai fito. Dole a kawo wani abu daga waje ya yi wannan aikin. Na fara da zantan gam, wata hoda mai sa abinci kauri da danƙo, kuma har yanzu ina sa shi a kek da biskit, amma a burodi yana ba ni kwaɓi mai ruwa-ruwa da sai dai a zuba a gwangwani da cokali. Ɓawon siliyum ne ya ba ni abin da ake iya ɗauka da hannu. Ɓawon 'ya'yan wani tsiro ne mai suna Plantago ovata, wanda aka fi nomawa a Indiya.

Ga yadda nake yi da shi. Ba na zuba shi cikin busasshen gari. Ina kaɗa shi a ruwan ɗumi shi kaɗai, da sauri, kafin ya yi gudaji. Da farko za ka ga ɓawon yana yawo a saman ruwan kamar ba abin da zai faru. Cikin minti ɗaya ko biyu ruwan zai yi kauri, ya yi yauƙi irin na farin ɗanyen ƙwai, idan ka ɗaga cokali ya biyo shi. Ƙara ɗan jira, sai ya kama jikinsa ya rabu da gefen kwano gaba ɗaya. A nan nake juye shi cikin garin. Ku nemi mai hasken launi, domin wani yakan mayar da cikin burodi ruwan toka ko ma shunayya. Ba ya cutarwa, amma yana kashe sha'awar ci.

Ma'aunin da na tsaya a kansa yanzu shi ne garin dawa giram 200, garin shinkafa mai ruwan ƙasa 130, sitacin rogo 120, ɓawon siliyum 22, gishiri 9, sukari 15, busasshen yis 7, mai cokali biyu, ruwan tsami (wato binega) ƙaramin cokali ɗaya, sai ruwa giram 500. Ku lura ruwan ya fi garin nauyi. A burodin alkama ba kasafai ake kai haka ba, shi ya sa hannu ke ƙaiƙayin ƙara gari idan kwaɓin ya manne a yatsu. Kada ku ƙara. Ku shafa mai a hannu, ku bar shi ya huta minti goma, gari da ɓawon za su shanye ruwan. Kuma ku sayi sikeli. Kofin garin shinkafa da kofin sitaci ba nauyinsu ɗaya ba, kuma a wannan aikin bambancin giram biyar na siliyum yana bayyana a cikin burodin.

Sitacin ne ke sa cikin ya yi haske da laushi, dawa kuma ita ke ba shi ɗanɗano. Da na rage sitacin ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na garin, burodin ya yi nauyi. Da na haura kashi ɗaya cikin uku, sai ya yi danƙo a haƙori. Laushin niƙa ma yana da tasiri sosai: garin shinkafa mai tsakuwa-tsakuwa ba ya shan ruwa da kyau, kuma za ka ji shi a harshe.

Inda har yanzu nake fama shi ne tashi. Wannan kwaɓin ba ya jure jira. Idan ya ninka biyu, ya riga ya wuce, zai kumbura a oben ya ba ka sha'awa, sannan samansa ya rufta ya bar rami a ƙarƙashin ɓawon, can ƙasa kuma ka tarar da wani layi mai danƙo kamar bai gasu ba. Yanzu ina saka shi da zarar ya ƙaru da kamar rabin girmansa. Minti 20 na farko a zafi 220 a ma'aunin Salsiyos, da kwanon ruwan zafi a ƙasan oben don tururi, sannan in cire ruwan in sauke zuwa 200 na tsawon minti 45. Tsakiyarsa ya kai 97 kafin in fitar. Daga nan sai haƙuri, domin sitacin bai gama kama jikinsa ba sai ya huce sarai, abin da ke ɗaukar awa uku ko fiye. Wanda ba za a ci cikin kwana biyu ba a yayyanka shi a sa a firiza. Firiji yana saurin tsufar da burodi.

Wani sashe na aikin ba a cikin kwano yake ba, kuma a ganina ya fi ma'aunin muhimmanci. Ga mai cutar siliyak, wadda ke samun kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya, gulutin yana sa garkuwar jiki ta far wa ƙaramin hanji, ta shafe 'yan tsiron da ke jikinsa masu tsotse amfanin abinci. Daga nan ake samun gudawa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, wani ma babu alamar komai a cikinsa amma ɓarnar tana tafiya. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama. A yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, da burodi ya yi ƙaranci, yaran da yake jinya suka samu sauƙi, da burodi ya dawo ciwon ya dawo, ya kuma gabatar da bincikensa a 1950. Har yau maganin bai canza ba: barin alkama da sha'ir da hatsin da Turawa ke kira rye har ƙarshen rayuwa. Ƙa'idar Codex, hukumar da ke tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, ita ce abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Ɗan ɓurɓushi kaɗan ya isa ya haura wannan.

Saboda haka rariyata daban take, gwangwanin gashina daban, cokalin katako da katakon yanka ma daban, don gari yana maƙalewa a tsagar itace da ramukan rariya. Ba na kwaɓi a ranar da wani ya tankaɗe fulawa a ɗakin girki, saboda ƙurarta tana daɗewa a iska kafin ta sauka. Dawa da shinkafa ba su da gulutin, amma idan an niƙa su a injin da ya niƙa alkama, an ɓata su. Ku tambaya kafin ku saya, ko ku niƙa da kanku. Hatsin da ake kira ots ma haka yake, yawanci yana cuɗanya da alkama tun daga gona.

Ina roƙon duk wanda ke zargin yana da siliyak amma bai yi gwaji ba, kada ya daina cin alkama tukuna. Gwajin jinin da ake kira tTG-IgA, da ɗan yankin hanjin da ake ɗauka a duba, duka suna buƙatar a ce kana kan cin gulutin. Idan ka daina watanni, sakamako zai iya fitowa lafiya alhali cutar tana nan. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don mutane da dama suna jin sauƙi su ce ai sun gano matsalarsu, ba su san wacce ce a cikin matsaloli ukun da ke raba mutum da alkama ba.

Uku na ce, domin ba abu ɗaya ya tara mu a wannan koyon ba. Bayan mai siliyak, akwai mai alajin alkama, wanda jikinsa na iya yin bori cikin mintuna: ƙuraje, kumburin leɓe, har sarƙewar numfashi da ke buƙatar asibiti nan take. Shi rubutun "babu gulutin" bai ishe shi ba, don akwai kayan da ake yi da sitacin alkama da aka wanke gulutin daga cikinsa, sun halatta ga mai siliyak amma ba ga shi ba. Sai mai IBS, ciwon hanji mai kawo murɗawar ciki da kumburi, wanda sau da yawa ba gulutin ne ke damunsa ba, wani nau'in sukari ne mai suna furuktan da ke cikin alkama da albasa da tafarnuwa. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostareliya ne suka tsara abincin da ake kira low FODMAP, wato mai ƙarancin irin wannan sukarin, don irinsu, kuma ba na dindindin ba ne: ana ragewa na mako biyu zuwa shida, sannan a dawo da abinci ɗaya bayan ɗaya a ga wanda jiki ya ƙi. Don su na sa sukari a ma'aunin maimakon zuma, wadda sukarinta mai suna furuktos kan tayar wa wasu da ciki. Su kuma duba burodin kanti da kyau, don ana yawan ƙara masa inulin, shi ma furuktan ne.

Babu ƙwai ko madara a ma'aunin, da gangan. Wanda aka gano siliyak ɗinsa kwanan nan yakan kasa jure madara na ɗan lokaci, saboda sinadarin da ke narkar da sukarin madara a kan waɗancan 'yan tsiron hanjin yake, sai sun warke yake dawowa. Shi kuma siliyum yana da yawan harza, ku fara da yanka ɗaya ko biyu a rana tare da shan ruwa sosai har ciki ya saba. Akwai ma 'yan ƙalilan da ke da alajinsa.

Yanzu na ɗora ruwan tsamin kwaɓi, wato haɗin da ake bari ya yi tsami don ya tashi burodi a madadin yis, na garin shinkafa mai ruwan ƙasa, gari da ruwa daidai wa daida, ina ciyar da shi kullum. Ya fara kumfa da ƙanshi mai ɗan tsami, amma bai kai ƙarfin ɗaga burodi shi kaɗai ba, don haka zan fara da haɗa shi da rabin yis. Ina kuma son in maye rabin dawar da gero in ga ko ɗan ɗacin da garinsa ke yi idan ya daɗe a ajiye zai fito. Wanda a cikinku ya shawo kan ramin nan na ƙarƙashin ɓawo ba tare da rage ruwa ba, don Allah ya gaya min girman gwangwaninsa da tsawon lokacin da yake barin kwaɓin ya tashi.