Sabuwar Git daga rumbun wasu: abin da aiki ya koya mini

Duk mai kula da sabar Linux ya saba jin ƙorafin masu rubuta manhaja cewa Git ɗin da ke kan injin, wato manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aikinsu, ta tsufa. Kuma suna da gaskiya. CentOS 7, wani nau'in Linux, ta zo da Git 1.8.3.1, a kan lambar nan ta zauna har aka daina tallafa mata a ƙarshen Yunin 2024. Ita kuwa Git ba ta tsaya jiran kowa ba. Umarnin git worktree ya shigo a siga ta 2.5 a 2015, git switch da git restore suka zo a 2.23 a 2019, sannan 2.28 ta ba da damar zaɓar sunan reshen farko a 2020. Mutum ya ga umarni a rubuce, ya buga, inji ya ce bai san shi ba. Dole ransa ya sosu.

Mafita mafi kusa ita ce a ƙara rumbun wasu, wato wurin ɗauko manhajoji wanda ba na hukuma ba. A Ubuntu sai ka buga add-apt-repository ppa:git-core/ppa, ka sabunta jerin manhajoji, ka saka git, shi ke nan. Masu CentOS 7 da yawa rumbun IUS suka riƙa dogara da shi. Sauƙin abin ne ke sa ba a tsayawa a yi tunani.

Abin da na fara fahimta shi ne tsufan lamba daban, rauni daban. Red Hat da Debian da Ubuntu suna daskarar da sigar da suka fito da ita da gangan, amma idan aka gano ɓaraka a tsaro sukan ɗauko gyaran daga sabuwar siga su dasa shi a tsohuwar, lambar gaba ta ci gaba da zama yadda take. Saboda haka idan wani ya ce mini a sabunta Git don tsaro, sai in buɗe tarihin canje-canjen ƙunshin, wato fayil ɗin da ake saka manhajar da shi, tukuna. Sau da yawa gyaran yana ciki. Idan kuwa wani umarni ake buƙata wanda babu shi a tsohuwar, to wannan dalili ne mai ƙarfi, ba na musu da shi.

Babban darasin, wanda ya fi daɗewa kafin ya zauna mini, shi ne ƙara rumbu ya wuce ɗauko manhaja guda. Amana ce kake bayarwa, kuma mai ɗorewa. Kowane ƙunshi yana iya zuwa da rubutattun umarni da ke gudana lokacin sakawa, kuma da ikon root suke gudana, wato babu inda hannunsu bai kai ba a injin. Sannan ba a ranar farko abin ke ƙarewa ba. Duk lokacin da aka yi sabuntawa, injin zai leƙa rumbun nan ya tambaya ko akwai sabo. Idan mai rumbun ya ajiye wani ƙunshi daban, ko da ba shi da alaƙa da Git, matuƙar lambarsa ta fi ta hukuma girma, apt ko yum, masu saka manhajoji a injin, za su iya ɗauko shi ba tare da ka nema ba. Kamar ka ba mai gyaran famfo mabuɗin gida gaba ɗaya ne, ka kuma ce ya riƙe.

Shi ya sa yanzu nake taƙaita ikon tun daga farko. A ɓangaren yum da dnf akwai includepkgs, inda kake lissafa abin da ka yarda rumbun ya kawo, kuma gpgcheck, mai duba sa hannun ƙunshi, ba ya sauka daga 1 ko da wane ne ya ba da shawarar a kashe shi. A ɓangaren apt ana rubuta fifiko a /etc/apt/preferences.d, a rage darajar komai na rumbun in ban da Git. Batun mabuɗin sa hannu, wanda ke tabbatar da cewa ƙunshi daga mai rumbun ya fito, ma haka. Tsohuwar hanyar apt-key tana sa injin ya yarda da mabuɗin a kan kowane rumbu, shi ya sa aka yi watsi da ita. Yanzu ana ajiye mabuɗin a fayil nasa, a ɗaure shi da rumbu ɗaya ta hanyar signed-by. Aikin 'yan mintoci ne, amma na ga injuna da yawa da aka tsallake shi.

Ba kowane rumbu ke saka abin a wuri ɗaya ba. IUS ya riƙa canza sunan ƙunshin, irin su git236, yadda ba zai maye gurbin na hukuma a ɓoye ba sai ka musanya da hannunka. Ina ganin wannan tsari ne na mutunci. Rumbun Software Collections kuma a ƙarƙashin /opt/rh ya riƙa ajiye tasa, tsohuwar na nan daram, sai ka kunna sabuwar. A nan ake samun rikici mai wuyar ganowa: a tagar da kake aiki git --version ya nuna sabuwa, amma aikin cron da aka tsara ya gudana da kansa da dare yana kiran tsohuwar saboda PATH ɗinsa, wato jerin wuraren da yake neman manhaja, daban ne. Umarnin type -a git kan tona asirin nan take.

Sabuwar siga kuma takan zo da sabon hali. A 2022, daga 2.35.2, Git ta fara ƙin aiki a ma'ajiyar da wani mai amfani daban ya mallaka, don toshe wata ɓaraka. Injuna da yawa masu gwada manhaja da kansu sun tsaya cak. Maganin shi ne saitin safe.directory, inda ake lissafa ma'ajiyar da aka yarda da ita, sai dai wasu kan sa masa alamar tauraro, su halatta ko'ina, su rushe kariyar da aka kawo musu. Ni na fi son a gyara mallakar fayilolin, ko a ambaci ma'ajiyar da sunanta.

Akwai kuma ranar rabuwa, wadda ba a cika tunawa da ita ba. Idan aka ɗaga Ubuntu zuwa sabon fitowa, do-release-upgrade yana kashe rumbunan waje. In ba wanda ya kula, injin zai iya zama da Git da ba ta samun gyara daga kowa: mai rumbun an rufe masa ƙofa, na hukuma kuma lambarsa ba ta kai wadda ke kai ba. Haka ma idan masu rumbun suka daina aiki. Don haka duk rumbun da na ƙara, nakan rubuta dalilinsa da wanda ya nema a cikin fayil ɗin saitinsa, tare da yadda za a koma baya, ko da ppa-purge ko da yum swap. Na gwada komawar a injin gwaji kafin in taɓa sabar da mutane ke aiki a kai.