Tafiyarmu da Ɗalibai Zuwa Japan da Koriya ta Kudu

Makarantarmu ta daɗe tana kai ɗalibai ziyarar ilimi a lokacin hutu, amma ba mu taɓa wuce Yankari da Abuja ba, sai a bana da hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye suka amince a kai waɗansu 'yan aji biyar na sakandare ƙasashen Japan da Koriya ta Kudu domin su ga yadda mutanen can suke rayuwa. Da yake ni ne malamin tarihi, an sa ni cikin masu rakiya, tare da wata malama da aka ɗora wa kula da ɗalibai mata. Mun tashi a watan Afrilu bayan ƙaramar Sallah, muka bi ta Addis Ababa, kuma tun a gida aka gargaɗe mu kada kowa ya sa kilishi ko dambun nama a jakarsa, domin dokar Japan ta hana matafiyi shiga da nama.

A ɗaya daga cikin mashigan da muka ratsa mun haɗu da wani jami'in shige da fice wanda tun da ya ga korayen fasfunanmu fuskarsa ta sauya. Ya ware mu gefe guda, ya bar mu a tsaye har duk waɗanda suka zo bayanmu suka wuce, sannan ya riƙa ɗaga takardar izinin iyaye ɗaya bayan ɗaya yana tambayar yara ko da gaske za su koma ƙasarsu. Wata ɗaliba ta matso kusa da ni idonta cike da hawaye ta ce, "Malam, wane laifi muka yi?" Na ce mata babu laifin da ta yi, ta tsaya da kyau ta amsa abin da aka tambaye ta. Takardunmu cikakku ne, saboda haka dole ya buga mana hatimi, amma har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna cewa darasin farko da yaran nan suka koya a wajen ƙasarsu shi ne ana iya yi wa mutum hukunci da launin fasfonsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tafiyar duka shi ne yinin da muka yi a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a gefen birnin Tokyo. A watan Afrilu ake fara shekarar karatu a Japan, saboda haka mun tarar da makarantar cike da sababbin ɗalibai. Tun daga bakin ƙofa kowa yake cire takalminsa ya ajiye a ma'ajiyarsa, ya sa na shiga aji, mu ma aka ba mu namu. Da lokacin abincin rana ya yi, ban ga an fita tsakar makaranta ana rububin sayen abinci ba. Waɗansu daga cikin 'yan ajin ne suka sa fararen riguna da huluna, suka rufe baki da hanci, suka turo tukwane daga ɗakin girki, suka zuba wa 'yan uwansu shinkafa da miya da kifi, kowa da madararsa, kuma babu wanda ya kai loma baki sai da na ƙarshe ya samu rabonsa. Malamin aji ya zauna a cikinsu ya ci irin abin da suka ci.

Bayan nan aka shiga shara, wadda ba ta wuce minti 15 ba. Aka tura kujeru baya, waɗansu suka ɗauki tsintsiya, waɗansu suka nufi banɗaki. Na tsaya ina kallon wata yarinya da ta ninke tsumma gida huɗu, ta dafa shi a ƙasa da hannu biyu, ta sunkuya tana tura shi da gudu daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan, ta juyo ta sake bin layi na gaba ba tare da ta tsallake ko taƙi ɗaya ba. A kusa da ita shugaban makarantar ne da kansa, da furfurarsa, yana goge ƙarfen matakala. Mu ma ɗalibanmu suna shara, amma a wurinmu shara horo ce ta wanda ya makara, ko kuma aikin 'yan aji ɗaya ne yayin da manya suke tsaye da bulala, shi ya sa yaro yake tashi da tunanin cewa tsintsiya alamar ƙasƙanci ce, kuma girma shi ne a kai matsayin da za a daina taɓa ta. A can kowa yana da rabonsa, ana kuma juya aikin, wanda ya share aji wannan mako yana iya samun kansa a banɗaki mako mai zuwa. Wani ɗalibina, wanda na san gidansu akwai masu aiki, ya karɓi tsumma ya durƙusa ba tare da na umarce shi ba. Wannan tsari ba ya bukatar kuɗin mai ko tallafin wata ƙasa, abin da yake bukata kawai shi ne malami ya yarda ya durƙusa tare da ɗalibinsa, kuma a nan ne nake ganin gizo yake saƙar a wurinmu.

Tarbiyyar nan ce ake gani a titi. Kwandunan shara kaɗan ne ƙwarai a Tokyo, an rage su ne bayan harin iska mai guba da aka kai a jiragen ƙarƙashin ƙasa a 1995, amma ba a ganin leda a ƙasa, domin kowa yana sa shararsa a jaka ya kai gida. A cikin jirgi ba a amsa waya, ba a ɗaga murya, kuma sau da yawa sai da na yi wa ɗalibaina alama da hannu su sassauta hira. Sai dai ba komai ne ya burge ni ba. Mutum zai zauna kafaɗa da kafaɗa da wani na tsawon awa guda ba tare da ko gaisuwa ta haɗa su ba, kuma na ga tsofaffi da yawa suna tafe su kaɗai, suna cin abinci su kaɗai. Kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun wuce, yawan jama'a yana raguwa kowace shekara, har ana rufe makarantun karkara saboda rashin yara. Na gaya wa ɗalibai cewa gaisuwar da suke ganin tana cin lokaci a gida, ta tambayar gajiya da iyali da aiki, dukiya ce da bai kamata su yi wasa da ita ba.

Mun yi Juma'a a babban masallacin Tokyo da ke unguwar Yoyogi-Uehara. Musulmin Tatar da suka yi hijira daga Rasha ne suka fara gina shi a 1938, sannan aka sake gina shi da taimakon Turkiyya aka buɗe a 2000, da ƙubba da hasumiya irin na Istanbul. Yara sun yi mamaki da suka ga ana fuskantar yamma a salla.

Maganar tsada kuwa, sai wanda ya gani. A lokacin tafiyarmu yen ɗaya tana daidai da naira 10 da 'yan kai, saboda haka robar ruwa ta yen 120 ta haura naira 1,200. Kujera ɗaya a jirgin ƙasa mai gudun tsiya da suke kira Shinkansen, daga Tokyo zuwa Kyoto, ta kai wajen yen 14,000. Ban yi da-na-sanin kuɗin ba, domin jirgin, wanda ya fara aiki tun 1964, yana gudun kilomita 285 a awa, ya kai mu cikin awa biyu da kwata, kuma ya tsaya a kan mintin da aka rubuta a tikiti. Ba a ciniki a kanti, ba a kuma karɓar tukuici. Wata ɗaliba ta bar canjinta na 'yan tsabobi a wurin mai sayar da abinci, sai ga matar ta biyo mu da sauri har bakin titi ta miƙa mata da hannu biyu. Shagunan da kusan kome yake yen 100 su ne suka rufa wa yara asiri wajen tsaraba.

A Kyoto, wadda ta kasance mazaunin sarki daga 794 har zuwa 1868, an kai mu gidajen ibada da lambuna masu kyau, amma ni inda na fi daɗewa shi ne wata marina. Tun kafin mu shiga warin baba ya tarye mu, wani ɗalibi ya ce, "Malam, ai wannan Ƙofar Mata ce." Tsohon marinin yana ruɓar da ganyen baba ne ya haɗa da ruwan toka, ya bar shi ya tsumu har kumfa ta taru a sama, kuma na ga ya tsoma yatsa ya ɗanɗana domin ya san ko ruwan ya nuna. Ana ɗaure ƙyalle da zare a tsoma, a ɗago shi kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka, daidai yadda ake yi a karofinmu. Da na nuna masa hotunan ramukan rini na Kano a wayata, ya ajiye aikinsa ya daɗe yana dubawa. Bambancin yana ga daraja. Ɗan hankicin da ya rina yana kaiwa dubban yen, makarantu suna kawo masa yara su koya, alhali da yawa daga cikin ɗaliban da na kawo daga Kano ba su taɓa taka Ƙofar Mata ba.

Daga nan aka rarraba mu gidajen jama'a a wani ƙauye domin mu kwana. Ni da ɗalibai maza biyu muka sauka wurin wani dattijo manomin shinkafa da matarsa. Tsohuwar nan, da ta ji cewa Musulmi ne za su zo, sai ta sayi sabuwar tukunya da sabon kasko domin kada ta dafa mana abinci a inda aka taɓa dafa naman alade, ta kuma bar duk wani kayan miya da ake haɗawa da giyar shinkafa. Ta ware mana ɗaki ta shimfiɗa tawul masu tsabta domin salla. Ba ma jin harshen juna sai ta waya, amma ban taɓa jin an karrama ni kamar haka a wajen gida ba. Da ta barbaɗa riɗi a kan alayyafo na gaya mata cewa ƙasarmu tana cikin manyan masu sayar wa Japan riɗi, domin kusan duk wanda suke ci daga waje ake kawo shi, kuma wataƙila wannan ma daga gonakin Jigawa ya fito. Muka ba su jakar fata da muka sayo a Kasuwar Kurmi, suka ƙi buɗe baki sai sunkuyawa suke ta yi.

A Hiroshima hayaniyar yara ta ɗauke. A ranar 6 ga Agusta 1945, da ƙarfe 8:15 na safe, Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a birnin, kuma kafin ƙarshen shekarar mutane kimanin 140,000 sun mutu. A gidan tarihin akwai ƙonannun kayan makaranta na yara sa'o'insu. A cikin filin kuma akwai wani dutsen tunawa da 'yan Koriya da suka mutu a harin, waɗanda da yawansu aikin tilas ne ya kawo su, kuma a gabansa na fara yi wa ɗalibai bayanin mulkin mallakar da Japan ta yi wa Koriya daga 1910 zuwa 1945.

Mun kwana a jirgin ruwa daga Shimonoseki muka wayi gari a Busan, jirgin ƙasa ya kai mu Seoul. Mutanen Koriya sun fi sakin jiki, suna magana da ƙarfi, tsofaffin mata suna tsayar da 'yan matanmu suna yaba hijabansu. Kuɗinsu ya fi sauƙin lissafi, domin won ɗaya ta kusa daidai da naira ɗaya. A fadar Gyeongbokgung, wadda aka gina a 1395, duk wanda ya sa tufafin gargajiya na hanbok yana shiga kyauta, saboda haka matasan ƙasar da baƙi suke hayar su, ɗalibanmu mata ma suka sa a kan hijabansu. Wannan dabara ce da ta dace a yi koyi da ita. A nan aka ba mu labarin Sarki Sejong, wanda ya ƙirƙiro haruffan Hangul a 1443 domin talaka ya iya karatu ba sai ya haddace dubban alamomin Sinanci ba. Haruffa 24 ake amfani da su yau, kuma kafin magariba yaranmu suna rubuta sunayensu da su.

Abin da ban yi sha'awa ba shi ne nauyin da ake ɗora wa yara. Da dare muka ga ɗalibai da jakunkuna suna fitowa daga makarantun ƙarin darasi, waɗanda a Seoul doka ta ba su damar aiki har ƙarfe 10, duk saboda jarrabawa guda ta shiga jami'a da ake yi a watan Nuwamba, wadda har jiragen sama ake dakatarwa a lokacin sashen sauraron Turanci. Gajiyar da na gani a fuskokinsu ba na fatan ganinta a fuskar ɗalibina.

A kasuwar Namdaemun muka samu damar yin ciniki, wata ɗaliba ta taya jaka har mai shagon ya yi dariya ya rage mata. Muka yi salla a babban masallacin Seoul da ke Itaewon, wanda aka buɗe a 1976, muka ci abincin halal a gangarensa. An kai mu iyakar da ta raba Kudu da Arewa tun yaƙin 1950 zuwa 1953, muka hango ɗaya ɓangaren ta madubin hangen nesa. Daga Incheon muka taso gida. Ɗalibai za su gabatar da rahotonsu a taron iyaye mai zuwa, ni kuma na miƙa wa shugaban makaranta takarda ina neman a ware minti 15 kullum domin shara, daga 'yan aji ɗaya har 'yan aji shida, da mu malamai a ciki.