Kariya a tukunya: ƙishirwa ba ta kashe ta, ruwa ne ke kashe ta

Duk mai bin hanyar Argungu zuwa Kangiwa da rani ya san yadda daji ke komawa toka-toka. A irin wannan lokaci ne kariya ke yin fure, ja-ja mai ruwan hoda, a kan rassan da sau da yawa ko ganye babu. Masana tsirrai na kiran ta Adenium obesum. 'Yar yankinmu ce ta Sahel, ana kuma samun ta a gabashin Afirka da ƙasar Larabawa. Masu sana'ar fulawa a Tailan sun mayar da ita haja mai tsada, mu kuwa muna wuce ta a bakin hanya.

Kariya na da kumburarren gindi, wanda rumbun ruwa ne. Wanda ya gane haka ya gane rabin renonta.

A fara da ƙasa, don nan ake yawan yin kuskure. Laka ta fadama, wadda shinkafa ke so, kabari ce ga kariya. Rairayi mai laushi na jigawa ma, in an zuba shi a tukunya shi kaɗai, yakan danƙare ya riƙe danshi. Abin da ake so yashi ne mai kaushi, irin na magina. A haɗa kwano 2 na yashi, kwano 1 na ƙasar gona, rabin kwano na takin shanu da ya ruɓe sarai, da dintsi biyu na gawayi farfasasshe. A jiƙa haɗin a dunƙula a hannu: in ya tsaya kamar fura, a ƙara yashi. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana numfashi. A huda gindinta wuri 4 ko 5, a ɗora ta kan bulo.

Wanda ke son gajeriya mai ƙaton gindi, da iri zai fara. 'Ya'yanta kan fito biyu-biyu kamar ƙahon sa. Da sun fara ƙosawa a naɗe su da zare, in ba haka ba su fashe iska ta kwashe irin, don kowace ƙwaya na da gashi a kai da gindi. A cire gashin, a kwantar da ƙwayar, a rufe da yashi kaurin rabin santimita. Da zafin bazara takan tsiro cikin kwana 7 zuwa 10. Irin da ya daɗe a ajiye ba ya tsira sosai.

Dashen reshe ya fi sauri, sai dai gindin ba ya kumbura kamar na iri. A yanki reshe tsawon santimita 20, a shafa garin gawayi a bakin yankan, a bar shi a inuwa kwana 5 ya kame. A kafa a busasshen haɗi, kada a ba shi ruwa sai bayan mako.

Ban-ruwa kuwa, yatsa ne alƙali. In an cusa shi an ji sanyi, a haƙura. Da bazara sau biyu a mako ya isa, da hunturu sau ɗaya a kwana 10 ko mako biyu. In ta kaɗe ganye da sanyi, hutu take yi. Masu ganin haka su ƙara ruwa su ne ke ruɓar da ita. Agusta ce mai haɗari, musamman wajen Yauri da Zuru inda ruwa ya fi yawa. A janye tukunyar ƙarƙashin rumfa inda rana ke taɓawa amma marka ba ta dukanta.

In an danna gindin an ji ya yi taɓo-taɓo, a tumɓuke ta nan take. A yanke ruɓaɓɓen da wuƙa mai tsabta har sai farin nama ya bayyana, a shafa gawayi, a rataye a inuwa kwana 10, a sake dasawa a sabon yashi.

Ƙaronta, wato ruwan da ke fitowa in an yanke ta, dafi ne mai taɓa zuciya, shi ne maharba ke shafa wa kibiya a zamanin da. A sa leda a hannu kafin yanka, a wanke wuƙar da sabulu, kada ta koma madafi. Gidan da ke da yara ƙanana ko awaki, a ɗora tukunyar inda hannu da baki ba sa kaiwa.