Waken da na loda wa jirgin ruwa a Lokoja

Har yau in na wuce layin 'yan wake a Dawanau sai warin nan ya dawo min hanci wallahi. A ambaliyar 2022 ne, watan Oktoba, lokacin da ruwa ya shanye titi a Koton Karfe, tirelata ɗauke da buhu 300 na wake za ta Onitsha ta maƙale a layi, kwana huɗu direba na kira na yana cewa Alhaji ko taku ɗaya ba mu yi ba. Mai kaya kuma can yana ta matsa min.

Sai wani ɗan uwa mazaunin Lokoja ya ce min ai ga kogi nan, daga mahaɗar Neja da Binuwai ruwa zai gangara da kai ta Idah har Onitsha, ba shinge ba 'yan karɓar haraji. Na bar Kano da asuba, muka yi ciniki da wasu Nufawa masu manyan jiragen katako na inji, muka raba kayan gida biyu. Kuɗin bai kai abin da nake zato ba, murna ta sa ban leƙa cikin jirgin ba. Nan na cuci kaina.

Jirgin katako ko ya kai sabo ruwa na tsattsafowa ta ƙasa, shi ya sa za ka ga yaro a tsugunne da yankakkiyar jarka yana ta kwasa. Su masu doya da manja ba ruwansu. Ni kuwa tamfol na saya har biyu na lulluɓe sama saboda ruwan sama, ƙasa kuma buhu a kan katako kai tsaye. Dattijon jirgin ma ya ce min Alhaji a sa itace a ƙasa tukuna, na ce lokaci ya ƙure a loda kawai. Da muka sauke, layin ƙasa gaba ɗaya ya kumbura, buhu ya yage da kansa, waken ya yi baƙi ya fara tsiro. Buhu 41. Itacen da na ƙi saye ko kuɗin buhu ɗaya bai kai ba!

Amma fa sauran sun riga tirelolin da muka bari a layi isa, wannan ya tsaya min a rai. Ƙarafan layin dogon da ya iso Kano a 1911 ta kogin nan aka hauro da su zuwa Baro, wani gari a bakin kogin Neja sama da Lokoja, kuma an ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa a Baron tun 2019. Da a ce kwantena ake lodawa a kan babban jirgin ƙarfe daga can, mu 'yan Dawanau da mun huta da rabin wahalar titi.

Bana ma zan sake gwadawa in Allah ya yarda, amma cikin damina kafin ruwa ya ja yashi ya fito, kuma sai na shiga jirgin da ƙafata na ga an jera itace an shimfiɗa leda kafin buhu ɗaya ya sauka.